Yadda ake haɗa ƙaramin kwale-kwale mai rabuwa biyu da filawud

Duk wanda ya san bakin dam ɗin Tiga ko na Challawa da bazara ya san wahalar lodi. Ruwa ya ja baya, babban jirgi mai inji ba ya iya matsowa gaɓa, dole ya tsaya daga nesa, mutane su naɗe wando su yi ta kutsa laka da buhu a ka. A ƙasar Haɗeja kuwa, daga Auyo zuwa Guri da Kirikasamma, kacalla ce ke tare hanya. Tun da aka gama Tiga a 1974 da Challawa a 1992, wasu rassan kogin suka daina ƙafewa da rani, ciyawar ta samu wurin zama ta bazu. Abin da mai babban jirgi ke buƙata a irin waɗannan wurare shi ne ɗan ƙaramin kwale-kwale mara nauyi da zai riƙa kai-kawo tsakanin jirgin da gaɓa. Masunci mai duba kalli shi kaɗai ma zai more shi.

Matsalar ƙaramin jirgi ita ce ajiya. In ka bar shi a bakin ruwa, ko rana ta farfasa shi ko ka wayi gari babu shi. In ka ce za ka kai shi gida, da me? Masu jiragen yawo a teku a Turai da Amurka sun gamu da irin wannan, don ba su da filin ɗora ƙaramin jirgi a kan babba, sai suka fito da dabarar raba shi gida biyu. Kowane rabi yana da bangonsa, yana iya yawo a ruwa shi kaɗai. In za a shiga ruwa a haɗa su da noti huɗu. In an fito a kwance, a juya rabin gaba a zura shi cikin na baya kamar yadda mata ke jera kwano cikin kwano. Wanda zan bayyana tsawonsa ƙafa 7 da inci 9 ne, in an naɗe shi kuma bai fi ƙafa 4 da 'yan inci ba. Zai hau amalanke, zai shiga bayan a-kori-kura, zai kwana a zaure.

Mutum biyu manya yake ɗauka, ko mutum ɗaya da buhu ɗaya. Iyakarsa ke nan.

Kayan da za ka nema

Filawud uku masu ƙafa 4 a ƙafa 8: biyu masu kaurin milimita 6, ɗaya mai milimita 12. Nan ne ake ci ko a faɗi. Filawud ɗin da ake yin durowa da silin da shi ba ya jure ruwa, don gam ɗin da ke tsakanin ɓawonsa narkewa yake. Kana son wanda aka yi don jiragen ruwa, wanda ake buga wa hatimin BS 1088, ko aƙalla wanda aka manne da gam mai jure tafasa. In ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, kada ka tsaya a kan hatimi. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a yanko min ɗan guntu in je in gwada, gobe in Allah ya kai mu in dawo." Ka jefa guntun a tukunya ya tafasa awa guda, ka shanya ya bushe, ka sake tafasa shi. In ɓawon ya fara buɗewa, bar shi, ko kyauta aka ba ka. Ka kuma duba gefen farantin: in kana ganin ramuka a tsakiyar ɓawon, nan ruwa zai kwanta ya ruɓar da shi.

Sai sirarran katako na maɗaci ko iroko, marasa ƙulli, masu tsawon ƙafa 8: biyu masu inci 1 da rabi a kaurin kwata uku na inci don leɓen jirgi, uku masu inci 1 a kaurin rabin inci don ƙarƙashi, da wasu guntaye na firam. Obeche yana da sauƙin aiki amma ba ya daɗewa a ruwa.

Sai rezin da hadinarsa (ruwan da ke sa shi ya daskare) wajen lita 5, irin wanda masu gyaran tankin ruwa da masu gyaran jikin mota ke aiki da shi, da ƙyallen faiba da za ka yanka tsiri-tsiri mai faɗin inci 4, kimanin yadi 30. In ka samu ifoksi, wani nau'in rezin ne, ya fi kama katako nesa ba kusa ba, sai dai tsada. Ko da kuɗinka bai kai ba, ka sayi kaɗan don manna katako da katako, domin rezin na masu tanki ba gam ba ne, aikinsa jiƙa faiba. Farin gam ɗin kafintoci kuwa kada ya kusanci wannan aiki. Sai bol huɗu masu kaurin milimita 10 na ƙarfen da ba ya tsatsa, da noti mai kunne da manyan washa, sai sukurori irin wannan ƙarfen, tsohuwar wayar wuta da za ka feɗe ka ciro jan ƙarfenta, tsohon tub na mota, kwali, garin katako mai laushi da aka tankaɗe, samfefa da fentin mai. Kayan ƙarfen ka leƙa Ƙofar Ruwa.

Kafin ka taɓa filawud, yi samfurin jirgin da kwalin katan, ka raba kowane awo gida huɗu. Ka manna da salatif, ka yanka, ka zura gaba cikin baya. Awa biyu zai ci maka, kuma duk abin da ke ƙasa zai zauna maka a kai.

Awo da yanka

Fara da gefuna. Daga filawud mai milimita 6 ka fitar da tsiri biyu, kowanne faɗin inci 16, tsawon inci 94. Ɗora ɗaya kan ɗaya ka ɗaure su, don duk abin da za ka yanka ya zo daidai a duka biyun. Daga ƙarshen da zai zama baya ka auna inci 49 ka ja layi a tsaye da sukwaya. Wannan layin shi ne inda jirgin zai rabu. Ka lura ba tsakiya ba ne: baya inci 49, gaba inci 45, don dole na gaba ya fi gajarta kafin ya shige.

A gefen ƙasa, ka auna inci 4 sama a ƙarshen gaba, inci 2 sama a ƙarshen baya. Kafa ƙusoshi a waɗannan alamomi da kan layin rabuwa a ƙasa, ka lanƙwasa siririn katako ya bi su, ka ja fensir. Lanƙwasar ta tafi sumul ba gwiwa. Yanke. Gefen sama a miƙe za ka bar shi. In aka tanƙwara gefunan da kansa zai ɗaga.

Daga mai milimita 12 za ka fitar da bango huɗu, dukkansu ƙasa a tsuke sama a buɗe. Bangon baya: ƙasa inci 30, sama 37, tsayi 13 da rabi. Bangon goshi: ƙasa 18, sama 24, tsayi 11 da rabi. Bangon tsakiya guda biyu iri ɗaya sak: ƙasa 36, sama 44, tsayi 15 da rabi. Kowanne ka fara jan layin tsakiya ka auna rabi hagu rabi dama. A bangon tsakiya ka rage saman zuwa tsayin inci 11, amma ka bar kunne mai faɗin inci 6 a kowane gefe ya kai har sama. Kujerar mai tuƙi za ta zauna tsakanin kunnuwan, bol na sama kuma a jikinsu za su shiga.

In za ka sauya awon nan don ka ƙara girma, ƙa'ida ɗaya ce ba a taɓawa. Duk nisan da ka auna daga layin rabuwa, baya ya fi gaba faɗi a wurin, ƙasan gaba kuma ya fi na baya ɗagawa. In ka karya wannan, jirgi zai yi kyau a ruwa amma ba zai shige ba.

Bangon tsakiya

A nan ya kamata ka ɓata lokaci, don duk jirgin a kansu ya dogara. Wasu kan gina rabi biyu daban-daban su zo haɗawa, sai a ga baki bai haɗu ba, ɗaya ya fi ɗaya da rabin inci, ƙasa ya yi tudu a mahaɗa. Hanyar da ta fi ita ce a gina jirgi guda cur da bango biyu a manne a ciki, a gama, sannan a sa zarto a tsakaninsu.

Kowane bango ka zagaye fuskarsa ɗaya da firam na katako mai inci 1 a kwata uku, ƙasa da gefuna da sama, da ifoksi da sukurori. A wuraren bol huɗu ka manna ƙarin guntun filawud inci 3 a inci 3: biyu a kunnuwa, inci 2 daga saman kunne, biyu kuma inci 3 daga ƙasan bango, ɗaya inci 10 hagu da layin tsakiya, ɗaya inci 10 dama. Yanzu haɗa bangayen baya da baya, firam na kallon waje, ka sa gutsattsarin kwali mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a tsakaninsu, gwargwadon kaurin haƙoran zartonka. Kwalin nan shi ne hanyar da zarto zai bi. Matse su, ka huda ramukan huɗu lokaci ɗaya su ratsa duka biyun, ka zura bol ka ɗaure. Ramin da aka huda tare ba ya saɓawa. Ka shafa kyandir ko man girisi a jikin bol ɗin, ka liƙa salatif siriri a kan tsagar da ke tsakanin bangayen, don kada rezin ya kwarara ya haɗe su har abada.

Abu ɗaya da ake mantawa: a kan layin rabuwa na gefunan nan biyu, ka huda ƙananan ramuka da siririyar ƙusa duk bayan inci 4. In an rufe jirgi ba za ka ƙara ganin tsagar daga waje ba, ramukan ne za su nuna maka inda za ka yanka.

Ɗinki

Ɗinka filawud da waya sannan a rufe da faiba ba sabon abu ba ne. A Ingila ya yi suna tun 1962, lokacin da Jack Holt da Barry Bucknell suka zana ƙaramin jirgin nan mai suna Mirror, wanda dubban mutane suka haɗa a gidajensu, kuma da irin rezin ɗin masu tanki aka yi na farkon.

A kife za ka haɗa jirgin, a ƙasa mai shafe. Ɗaura gefunan biyu a jikin bangon tsakiya, layin rabuwa daidai kan tsagar, da ifoksi da sukurori masu shiga firam. Kada sukuru ko ɗaya ya faɗa kan layi, zarto zai gamu da shi. Sannan kai da yaronka ku jawo ƙarshen gefunan a hankali da igiya, ku ɗinke su da bangon baya da na goshi. Ramin ɗinki kusan rabin inci daga baki, tazara inci 6, waya tsawon inci 4, a murɗe da filaya daga waje. Kada ka matse tun farko. Sai duk sun shiga sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Auna daga kusurwar baya ta hagu zuwa kusurwar goshi ta dama, sannan akasin haka. In awon biyu bai zo ɗaya ba jirgin ya murɗe, gyara shi yanzu. Ka kuma koma nesa ka durƙusa ka hango bangon baya da na goshi, ka ga sun kwanta layi ɗaya.

Ɗora filawud mai milimita 6 na biyu a kai, danne gaba da baya da buhun yashi, zagaye shi da fensir daga ƙasa, sauke, yanke. Ja layin rabuwa a kansa ka huda 'yan ramukan nan, sannan ka mayar ka ɗaure shi a firam, ka ɗinke sauran zagayen.

Cike da faiba

Juya jirgin. Fara shafa rezin tsantsa a duk kusurwa katako ya sha. Sannan kwaɓa rezin da garin katako har ya daina zuba daga cokali, ka cike kusurwoyin, ka bi da bayan cokali ya kwanta a lanƙwashe. Kafin ya sandare ka shimfiɗa tsirin faiba a kai, ka dangwala rezin da buroshi har farin ya ɓace. Inda ya rage fari iska ce a ciki, kuma nan zai ɓare. A rabin baya kada ka cika cikon ya yi tudu, zai tokare na gaba.

Hadina kaɗan ake sawa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Da zafin Maris zuwa Mayu kashi 1 ya isa, kuma ka kwaɓa kaɗan-kaɗan, rabin gwangwanin madara, don in ya yi yawa a mazubi zafi yake ɗauka ya daskare a hannunka. Ifoksi kuma yadda aka rubuta a jikin gwangwani haka za ka auna, ba a ƙara masa don ya yi sauri. Yi aikin da sassafe a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da masu shan taba. Hadina in ta faɗa ido tana makantarwa, don haka tabarau da safar hannu dole ne, yara kuma a kore su. Ni dai na fi son a yi wannan aiki da kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙurar hunturu ta sauko, domin laima da ƙura duk abokan gabar rezin ne.

Washegari ka kife shi, ka datse wayoyin daidai da katako, ka goge kusurwoyin da magagari su yi kumbo, don faiba ba ya bin kaifi. Rufe su da tsiri kamar na ciki. In da hali ka lulluɓe ƙasan gaba ɗaya da ƙyalle guda, shi ne zai kare shi daga tsakuwar gaɓa. In ramukan alama sun toshe, sake buɗe su tun kana ganinsu. Manna sirarran katako uku a ƙarƙashi daga gaba zuwa baya, su ne ke hana ƙasan lotsawa, su kuma sa jirgi ya tafi a miƙe. Sai leɓe: a waje kawai, daga goshi zuwa baya ba yankewa, da ifoksi da sukurori daga ciki. A kusurwoyin goshi da na baya ka sa 'yar ƙusurwar katako ta riƙe. Amma a rabin baya kusa da bangon tsakiya kada ka sa komai, wurin nan dole ya zama fayau.

Yanka

Bari ya kwana biyu. Haɗa ramukan alama da layi ya zagaye jirgin. Tallafe kowane rabi da buhu ko benci don kada ya faɗi in ya rabu. Da zarton hannu za ka yi, ba inji ba. Fara daga leɓe inda kake ganin tsagar da idonka, ka bar zarto ya bi kwali. In ka ji ya yi nauyi, ko garin da ke fita ya ƙaru, ka karkata ka fara cin bango, ja baya ka gyara. Yi gefe ɗaya, yi ɗayan, sannan ƙasa. Ka bar bol a ɗaure har sai zarto ya kusa kai musu, sannan ka zare wanda ke kan hanya.

Da ya rabu ka kankare kwalin, ka ɗan kashe kaifin bakin, ka rufe kusurwar waje ta kowane bango da faiba layi ɗaya. Shafe fuskokin da rezin sau biyu, har cikin ramukan bol, don bakin filawud shi ne ƙofar ruwa. Yanzu juya rabin gaba, goshinsa ya kalli bangon baya, ka sauke shi ciki. Zai zauna ya ɗan ɗara na baya da inci 2, haka ya kamata. In ya tokare, shafa alli ka ga inda ya taɓa ka goge.

Kujeru, abin yawo da tuƙi

Kujerar tsakiya falle ce mai inci 30 a inci 10, da katako biyu a ƙarƙashinta da za su rungumi saman bangayen. Ta baya ita ma mai cirewa ce, ta zauna kan 'yan guntaye a jikin gefe kusa da bangon baya. Ta gaba kaɗai za ka kafe. Ƙarƙashin ta gaba da ta baya ka ɗaure jarka fanko mai murfi, da igiya mai ratsa zobe a jikin jirgi. Kowace lita ta jarka tana ɗaga kilo ɗaya, don haka biyu masu lita 20 za su riƙe jirgin a sama ko ya cika da ruwa, mutum ya samu abin kamawa.

Gajeren jirgi mai faɗi irin wannan juyawa yake in ana tuƙa shi da filafili ɗaya. A cikin kacalla da ruwa mara zurfi gora ta isa. A sarari kuwa ka yi filafili biyu dogaye, ƙafa 6 da rabi, ka kafa turaku a leɓe inci 12 bayan kujera, ka ɗaura su da igiya, ka zauna kana kallon baya kana ja. Dattawan masunta za su yi dariya ranar farko. A bangon goshi can ƙasa ka sa zobe mai ƙarfi da katako a bayansa, don ja a bayan babban jirgi, kuma fanko ake jan sa, ba kowa a ciki. Inji bai dace da shi ba.

Goge ko'ina da samfefa, ka yi fenti shafi uku. Fari ko wani launi mai haske ya fi, baƙi zafi yake tarawa.

Gwaji

Yanka washa daga tub, biyu ga kowane bol, robar ta kwanta jikin katako, ta ƙarfe a bayanta. A tudu ake haɗa jirgin, a fara da bol na ƙasa. Ruwa zai shiga tsakanin bangayen biyu, wannan ba komai, ta ramin bol ne kaɗai zai iya shigowa ciki, kuma robar ce ke tare shi. Ka gaida Sarkin Ruwa ka sanar da shi, ka gwada a inda ruwa bai wuce ƙugu ba: kowane rabi shi kaɗai tukuna, sannan a haɗe. Shiga ta tsakiya a sunkuye, kada ka taka leɓe. In ku biyu ne, ka sa 'yan ƙananan kayanku a gaba don baya kada ya nutse. Sannan da gangan ka cika shi da ruwa ka ga jarkokin sun riƙe.

Da kaya a ciki, in abin da ya rage daga ruwa zuwa leɓe bai kai tsawon ɗani ba, sauke wani abu. Mutanen Bagwai ba su manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga Badau ya kife a dam ɗin Watari saboda lodi ya yi yawa, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya. Rigar ruwa ga duk wanda zai hau, da kwarya ko yankakkiyar jarka a ɗaure don kwalfe ruwa. In hadari ya haɗo ko iskar la'asar ta taso a Tiga, wannan jirgin na gaɓa ne.

In ka fito ka kwance shi, ka zubar da ruwa, ka bar rabi biyun su sha iska kafin ka naɗe. Sa tsohon buhu tsakaninsu don kada fenti ya goge, ka ɗora a kan bulo saboda gara. Bol da noti su zauna a 'yar jaka ɗaure da kujerar gaba, da guda ɗaya na ƙari, domin wanda ya faɗa laka ya tafi. Robar washa tana tsagewa da zafi, ka yanka sababbi duk farkon damina, ka kuma bi ƙarƙashi da fenti duk inda ka ga katako ya bayyana.